Neman Wili da Taya ga Tsohuwar Akori-kura: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu tsofaffin akori-kura suka fi yi, musamman masu Peugeot 404 da 504, da tsofaffin Toyota Hilux da Land Cruiser, da Datsun. Wili a nan shi ne ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, wanda wasu ke ce wa rim. Awon duk da milimita ne, in ban da faɗin wili da girmansa waɗanda aka saba faɗa da inci.

Me ya kamata in sani kafin in fita neman wili?

Abu biyar: yawan ramukan noti da faɗin da'irar da suke kai, girman ramin tsakiya, zurfin mazaunin wilin, girmansa da faɗinsa, sai siffar bakin ramin da noti ke zama a ciki. Ko ɗaya ya kuskure, wilin bai dace ba, ko da ya shiga.

Kada ka dogara da sunan mota kaɗai. Motar da ta shekara talatin ko arba'in tana aiki, da wuya a ce ba a taɓa canza mata aksil ko durom ɗin birki ba, har akan tarar da gaba daban, baya daban. Ka auna gaba, ka auna baya. In za ka iya, ɗauki tsohon wilin ka tafi da shi kasuwa. In babu hali, cire ƙafar, ka danna kwali mai kauri a kan sitod ɗin, wato ƙusoshin da ake ɗaura noti a kansu, har su huda shi, ka zana da'irar hob, wato tudun ƙarfen da ke shiga ramin tsakiyar wili, a tsakiya, ka tafi da kwalin a hannu.

Yaya ake auna da'irar ramuka?

Ita ce ake rubutawa PCD, kamar 6x139.7, wato rami shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7. Idan ramukan huɗu ne ko shida, auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Da yake tsakiyar rami ba ta da inda za a kafa rula, auna daga gefen hagu na wannan zuwa gefen hagu na wancan, amsar ɗaya ce.

Mai rami biyar ba shi da ramin da ke fuskantar wani, don haka sai a auna tsakanin ramuka biyu maƙwabta a ninka da 1.701. In awon kafin a ninka ya kai wajen 67, to 5x114.3 ne. In 82 ne da ɗoriya kaɗan, 5x139.7 ne ko 5x140. In 88 ne, 5x150. In 97 ne, 5x165.1. Mai rami uku kuwa ana ninkawa ne da 1.155. Yi awon sau biyu a ramuka daban-daban, domin ramin tsohon wili yakan buɗe ya ba da lamba ta ƙarya.

Wace mota ce ke da wane awo?

Peugeot, wadda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta fi rikita mutane, saboda suna ɗaya ne amma ƙafa daban. 404 ta shiga, wato ta ɗaukar mutane, tana da rami uku, 3x160, amma akori-kurarta rami biyar ne, 5x140. 504 ta shiga da 505 rami huɗu ne, 4x140, akori-kurar 504 kuwa biyar ce kamar ta 404. Saboda haka wanda ya ce maka "wilin Fijo ne" bai gaya maka komai ba tukuna.

Tsohuwar Hilux mai jan ƙafa biyu yawanci 5x114.3 ce, mai jan ƙafa huɗu 6x139.7. Land Cruiser akori-kura ta da, irin su 45 da 75, 6x139.7 ce, amma daga 1999 samfurin 79 ya koma 5x150 da sitod masu kauri. Datsun 620 da 720 da Nissan da suka gaje su 6x139.7 ne. Land Rover ta da 5x165.1 ce. Ga mai motar Amurka, Ford F-100 5x139.7 ce, Chevrolet C10 kuma rami shida ce har 1970, sannan ta koma 5x127 daga 1971.

Ramuka sun yi daidai amma wilin ya ƙi zama. Me ya jawo?

Ramin tsakiya ne ko birki. Toyota mai rami shida tana da hob mai faɗin kusan 106, na Nissan kusan 100. Wilin Toyota zai zauna a Nissan, amma na Nissan ba zai wuce hob ɗin Toyota ba. Mafi haɗari shi ne wanda ya kusa shiga: ya hau leɓen hob ya tsaya, aka ɗaure noti aka ɗauka ya zauna. Bayan 'yan kilomitoci sai ya ƙarasa faɗawa, notuna su saki, sitod su fara karyewa ɗaya bayan ɗaya.

Gwajin mai sauƙi ne. Saka wilin ba taya, ɗaure noti biyu da hannu, ka leƙa ta baya. Bayan wilin dole ya manne da fuskar durom ko'ina, ta yadda ko takarda ba za ta kutsa ba. Sannan ka juya shi ka saurara ko yana gogar birki. Idan ramin tsakiya ya fi hob faɗi, wilin ƙarfe mai noti mai tsini yakan daidaita kansa, muddin an ɗaure notunan a hankali ƙafar tana sama.

Zan iya sa 5x139.7 a motar da ke da 5x140?

Bambancin milimita 0.3 ne a duk faɗin da'irar, kuma a wilin ƙarfe ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce inda wilin ya fito. Yawancin 5x139.7 da ake samu na ƙananan jif ne irin Suzuki, waɗanda ba a ƙera su don ɗaukar tan guda a baya ba. Sai ramin tsakiya, da zurfin mazauni, da bakin noti sun dace, ƙarfen kuma ya kai kaurin na asali, sannan a yi maganarsa.

Wannan sassaucin bai shafi sauran awo ba. 5x112 na Mercedes zai iya hawa 5x114.3 da ɗan tilas, amma kowane noti zai zauna a karkace yana lanƙwasa sitod. Wilin da sai an buga shi ya shiga, ajiye shi.

Mene ne lambar ET da ake bugawa a jikin wili?

Ita ce tazarar da ke tsakanin fuskar da ke manne da durom da ainihin tsakiyar faɗin wilin. Lamba babba tana tura taya ciki, ƙarama ko mai alamar ragi tana fito da ita waje. Tsofaffin motoci masu jan ƙafa huɗu ET ɗinsu na kusa da sifiri, wasu ma ƙasa da haka, alhali na sabuwar Hilux yana wajen 30. Shi ya sa wilin sabuwar Hilux, duk da ramukansa sun dace, yakan sa taya ta goge sifirin ko sandar sitiyari a tsohuwa. In kuma taya ta fito waje da yawa, nauyi yakan koma bakin boris ya cinye shi da wuri, sitiyari ya yi nauyi, taya ta riƙa dukan madigadi in an yi lodi.

Tsofaffin wili da yawa ba su da lambar, sai a auna. Kifa wilin fuskarsa ƙasa, gicciya miƙaƙƙen katako a kan leɓensa na baya, ka auna daga katakon zuwa fuskar da ke manne da durom. Sannan ka auna faɗin wilin gaba ɗaya daga leɓe zuwa leɓe, ka raba biyu, ka debe daga awon farko. Misali, faɗi 178, rabinsa 89, zurfi 104: ET 15 ke nan. Bambancin milimita 5 zuwa 10 da na asali ba ya cika kawo damuwa. Abin da ya wuce haka sai an gwada a jikin mota, a murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, da kaya a baya.

Tsofaffin notuna za su yi da sabon wili?

Ba kullum ba. Wilin ƙarfe yawanci noti mai tsini yake so, wanda ke nutsewa cikin bakin ramin. Wilin alminiyom na Toyota kuwa noti mai shimfiɗaɗɗen gindi da washa yake so. In aka haɗa su ba daidai ba, notin zai kama a bakin zare kawai, ya ci ramin, ya saki.

Zaren ma ya bambanta: Toyota M12x1.5, Nissan da Datsun M12x1.25. Notin wannan yakan hau sitod ɗin wancan zagaye biyu sannan ya cije, in aka matsa da sufana zaren ya lalace. Kuma da yake alminiyom ya fi ƙarfe kauri, yana cinye tsawon sitod. Ƙirga zagayen da noti ya yi kafin ya kama: a ƙalla takwas a kan 1.5, goma a kan 1.25. In bai kai ba, a sa sitod masu tsawo.

Ina ake samun wili na asali, kuma me zan duba a jikinsa?

Wurin masu yanka motoci da kasuwannin kayan gyara: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas, da Nnewi. Tsofaffin kanikawan Peugeot ma sukan san gidan da wata ta mutu aka jingine. Da yake an ci gaba da harhaɗa 504 a Najeriya har cikin shekarun 2000, kayanta sun fi na 404 samuwa nesa ba kusa ba.

Sa a cire tayar da ke kai kafin ka biya, domin aibin yana ciki. Duba ramukan noti: in sun zama kamar ƙwai, an taɓa tafiya da noti a sake, wilin ya gama. Nemi siririn tsagu tsakanin rami da rami, da inda faifan tsakiya ya haɗu da zoben waje. Kankare tsatsa a inda bakin taya ke zama da kewayen ramin bawul. Tsatsar sama ba komai, amma wadda ta yi ramuka ko take ɓarewa falle-falle ta ci ƙarfen. Sabon fenti mai kauri a kan tsohon wili abin zargi ne. Daga ƙarshe a ɗaura shi a hob ɗin gaba, a kafa sukudireba kusa da leɓensa a juya. In rawar ta wuce milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, balansin ba zai gyara shi ba.

Lambar tayar da ke littafin motar ba ta kasuwa. Wace ce madadinta?

A tsohon rubutu irin 7.50-16, lambar farko faɗin taya ce da inci, ta biyu girman wili. In an sa R a tsakiya, 7.50R16, radiyal ce. Wannan har yanzu tana samuwa saboda ƙananan motocin kaya. Wadda ta yi kusa da ita a tsayi ita ce 235/85R16, mai tsayin kusan milimita 806, sai dai tana son wili mai faɗin inci 6 zuwa sama, tsohon wilin Land Cruiser kuwa 5.5 ne. Madadin 7.00-16 shi ne 215/85R16. Rubutu irin 185R14C ko 195R15C, da ba a sa lambar tsakiya ba (irin 85 ɗin da ke cikin 235/85R16), ana lissafa ta a matsayin 80.

Lissafin tsayi: faɗi sau lambar tsakiya bisa ɗari, sau biyu, a tara da girman wili sau 25.4. Ka nemi wadda tsayinta bai bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari ba.

Wani abin lura ga masu Peugeot: a tsohon rubutun Faransa, 380 inci 15 ne, taya 15 za ta hau. Amma wili mai 390 ko 400 awonsa daban ne, ba 15 ba ne, ba 16 ba. Haka wilin Amurka mai 16.5: taya 16 takan yi kamar ta hau, ta fashe ana cikin ba ta iska.

Tayar ƙaramar mota ta fi araha, kuma girmansu ɗaya. Me zai hana?

Nauyi. Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi. Taya 185/70R14 ta motar shiga takan zo da 88, wato kilo 560 kowace ɗaya, biyu na baya kilo 1,120. Ita kuwa 185R14C mai 102/100 tana ɗaukar kilo 850, biyu kilo 1,700. Buhu goma na masara mai kilo ɗari-ɗari tan guda ne, kusan dukansa a kan ƙafafun baya, ga kuma nauyin bayan motar kanta. Tayar motar shiga, nauyin ya riga ya wuce ƙarfinta tun ba a bar kasuwa ba. Gefenta zai riƙa lanƙwasa yana ɗaukar zafi, a kan kwalta da rana tsaka, har saƙar ciki ta rabu.

Nemi harafin C ko LT, alamar tayar ɗaukar kaya, da 6PR ko 8PR, masu nuna ƙarfin saƙarta. Lamba 104 kilo 900 ce, 106 kilo 950, 112 kilo 1,120, 120 kilo 1,400. Inda aka rubuta lamba biyu, kamar 102/100, ta farko ta taya tilo ce, ta biyu ta tayoyin da ake jerawa bibbiyu. Harafin ƙarshe na gudu ne: N kilomita 140, Q 160, R 170 a awa, duk sun wadatar da tsohuwar akori-kura.

Nailon ko radiyal?

Mai saƙar gicciye, wadda ake ce wa nailon, gefenta tauri gare shi, tana jure kututture da duwatsun hanyar ƙauye, facinta kuma ba wuya. Aibinta ɗaukar zafi a doguwar tafiya, da saurin cinyewa, da bin kowane tsagin kwalta. Radiyal mai waya ta fi riƙe hanya, ta fi daɗewa, ta fi sauƙin shan mai. Motar da yawancin aikinta a kan titi ne, radiyal ta fi mata. Wadda ke shiga gona da daji kullum a hankali, nailon ba laifi.

Abin da ba a yi shi ne haɗa su a aksil ɗaya, ko sa radiyal a gaba nailon a baya, domin bayan motar zai riƙa zamewa a kwana kafin gaba. Safaya ma ta zama irin sauran. In an koma radiyal aka ji mota tana yawo, a duba bushin da ƙullin sitiyari a yi alaimen. Sau da yawa lalacewar tana nan tun da, sabuwar tayar ce ta tona ta.

Zan iya sa tubles a tsohon wili?

Sai wilin ya cika sharaɗi biyu: ba ya yoyon iska, kuma yana da ɗan tudun nan da ke zagaye kusa da inda bakin taya ke zama, wanda ke hana ta zamewa ciki in iska ta ragu. Wilin da aka haɗa da kusoshin ribit, ko mai ramukan tsatsa, ko marar tudun, a sa masa tub. Tub ɗin ya zama daidai girman tayar, na radiyal in radiyal ce. A ɓare duk takardar da ke manne cikin tayar, a barbaɗa hoda, a ɗan ba shi iska ya miƙe kafin a rufe. Ramin bawul iri biyu ne, kusan milimita 11.5 da kusan 16. Siririn bawul a babban rami yakan yanke daga gindi.

Wili mai zobe, wanda zoben ƙarfe mai cirewa ke riƙe bakin tayarsa, irin na tsohuwar Land Cruiser, tub da shimfiɗar roba yake so dole. Haɗarinsa kuma na kisa ne: zoben da bai zauna ba yakan tashi da ƙarfin da zai fasa kan mutum. A sace iska gaba ɗaya kafin a taɓa zoben, kada a haɗa zoben wani wili da wani, kada a daki zobe da guduma akwai iska a ciki. Wajen ba da iska a sa shi cikin keji ko a ɗaure da sarƙa, zoben yana kallon ƙasa, mai faci ya tsaya gefe da dogon tiyo. Wanda ya samu wili ɗan guda da awonsa ya dace, gara ya canza ya huta.

In na ƙara girman taya, me zan samu, me zan rasa?

Za ka samu ɗan tsayi daga ƙasa. Daga 185R14C mai tsayin kusan 652 zuwa 195R15C mai kusan 693, motar ta ɗaga da milimita 20 kacal, amma tayar ta ƙaru da fiye da kashi 6 cikin ɗari. Maleji zai nuna 80 kana kan 85. Tashi da lodi zai yi nauyi, kuloci ya sha wuya, birkin durom da dama ba ƙarfi ne da shi ba ya ƙara sanyi. Faɗi fiye da kima kuma, a motar da sitiyarinta ba na fawa ba ne, direba ne zai ji a kafaɗarsa. Dalili mai kyau na canza girma shi ne in tayar asali ta ɓace a kasuwa. Nan ma a bi lissafin da ke amsar madadin lamba, a kuma sake duba ET.

Tayar hannu fa, in zanenta yana da kyau?

Zane ba ya nuna shekaru. Nemi rubutun DOT a gefen tayar, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In uku ne, an yi ta kafin 2000. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya, kuma tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su Najeriya. Tun da Michelin da Dunlop suka daina ƙera taya a ƙasar wajen 2007 da 2008, kusan komai daga waje yake zuwa, har sabuwa ma takan daɗe a sito, don haka ita ma a duba kwananta.

In ba makawa sai ta hannu, buɗe cikinta da haske. Faci a gefe, kumburi, waya a fili, baƙin garin roba a ciki wanda ke nuna an yi tafiya da ita ba iska, ko bakin da ya lanƙwashe saboda an cusa taya cikin taya wajen shigo da su, kowane ɗaya ya isa a bar ta. A guji mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe, robarta ta ƙasashen sanyi ce, zafinmu yana cinye ta da sauri. A kuma lura da wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa: gindin zanen yakan fito da kaifi ba santsi, ƙananan tudun da ke nuna iyakar milimita 1.6 kuma sun ɓace.

Za a iya sake huda ramuka, ko a sa adafta, ko a yi walda?

Sake huda wilin ƙarfe ba shi da kyau, domin an ƙera bakin kowane rami da tudu da kauri na musamman, sabon ramin kuwa a fili zai faɗa. Buɗe rami da zarto ya fi muni. Adafta tana fito da taya waje da milimita 25 ko fiye, ta ninka yawan notunan da za su iya saki. A motar kwalliya wasu na sawa, a motar lodi ba ma ba da shawara. In ana son sauya awo da gaske, a canza hob da durom gaba ɗaya. Faifan da ya tsage ba a waldarsa. Kuma ko wane irin gyara ne, ba a kusantar da wuta ga wili da taya a kai, ko da an sace iskar, saboda zafin yakan sa tayar ta fashe bayan an ɗauka an gama.

Iska nawa zan ba ta, kuma yaya ake ɗaure noti?

Lambar da ke gefen taya iyaka ce, ba abin da za a sa kullum ba. Taya C mai 8PR irin 185R14C tana kai cikakken ƙarfinta ne a wajen 65 psi a geji, don haka ƙafafun baya suna son iska sosai ranar lodi, a rage in motar ba kaya, in ba haka ba tsakiyar zanen ya cinye, bayan ya riƙa tsalle. Bawul ɗin roba na yau da kullum iyakarsa 65 ɗin nan ce, abin da ya fi haka sai mai jikin ƙarfe. A auna da safe kafin a motsa, kada a sace iska don ta hau bayan tafiya. Wajen zaunar da bakin taya a wili kada a wuce 40. In ta ƙi, a sace, a shafa ruwan sabulu, a sake.

Goge tsatsa da ƙasa daga fuskar durom, kada a shafa wa sitod girisi. Kowane noti ya fara hawa da hannu, a ɗaure a gicciye ba a jere ba, a sauke jak a ƙarasa. Sitod M12 yawanci tsakanin 90 da 120 Nm, awon ƙarfin ɗauri, yake so, ƙarfin hannu da sufana mai matsakaicin tsawo ke nan, ba a zura bututu a hau kai da ƙafa ba, wanda ke miƙar da sitod har ya karye daga baya. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake bin notunan, musamman in wilin sabon fenti ne, domin fentin da ke ƙarƙashin noti yakan murƙushe ya bar shi a sake.